Gida Ana Kaka, Kada Mu Jira Sai Sallah

 

Mu da ke zaune a Kumasi ko Kwatano ko Duwala, kaka ba ta yi mana sallama in ta zo. A nan Kumasi ma yanzu ne ruwan ƙarshen shekara yake sauka, ko'ina kore shar, rumfa na yoyo, mutum na ta jan buhuna yana kauce wa laima. Babu abin da zai nuna maka cewa can arewa marka ta wuce, raɓa ta fara sauka da asuba, gero ya sunkuyar da kai yana jiran wuƙa. Mu kalandarmu ta kasuwa ce: azumi, ƙaramar Sallah, babbar Sallah, sai lokacin da kwastan suka tsananta da lokacin da suka sassauta. Su kuwa mutanen gida da kalandar gona suke aiki. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne, yawancinmu muna aika kuɗi gida bisa tamu kalandar, alhali buƙatar gida tana bin tasu.

Bari in fara tuna wa wanda ya daɗe bai ga kaka ba yadda gida yake a waɗannan makonni, don yaranmu da aka haifa a zango su ma su ji.

A wajenmu, arewacin Katsina daf da iyakar Nijar, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba babu mai zaman banza a gida, har tsohuwar da gwiwa ta hana ta zuwa gona. Ita za ka tarar a gindin bishiya da faifai a cinya tana yanka kuɓewa ana shanyawa, 'yan jikoki na kore mata kaji. Maza sun fita tun ana idar da sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ana kwantar da karan gero, ana bi ana yanke kai, ana tarawa ya sha iska, sannan a ɗaure dami-dami. Amalanke na kai da komowa, shanun huɗa da suka gama aikin damina sun koma jigila. Gyaɗa ta nuna, in ba a cire ta da wuri ba ƙasa ta bushe sai rabinta ya tsinke a ciki. Wake kuma ba ya nuna lokaci ɗaya, yau a yi roro, bayan kwana uku a koma. Dawa ce kawai ke da haƙuri, ita sai can gaba in sanyi ya fara shigowa. A cikin gida turmi ba ya hutawa: sussuka, sheƙa, surfe, ƙaiƙayi na tashi yana shiga wuyan riga. Kan rufin ɗaki ga barkono ja wur, ga soɓo, ga yankakkiyar kabewa. Yara kuwa, su kakarsu ta yanke saƙa, don ga tumu ana gasawa, ga dafaffiyar gyaɗa sabuwa, ga gurjiya. Duk wanda ya taɓa murza tumu mai zafi a tafin hannu ya hure ya watsa a baki, ya san babu biskit ɗin kanti da zai kama ƙafarsa.

Sannan ga jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa har gobe gayya ba ta mutu ba a ƙauyukanmu, ko da yake ƙwadago na kuɗi ya ci rabinta. Yau ana gonar wane, jibi ana taka. Abokan ƙuruciya, surukai, 'ya'yan gwaggo daga ƙauyen gaba, kowa ya zo da wuƙarsa, kai kuma naka shi ne fura mai kauri da tuwo da goro. Matan maƙwabta su taru a gida ɗaya su yi sussukar wannan, gobe su koma na waccan, ana aiki ana tsegumi, kuma ni dai ban taɓa ganin tsegumin ya rage saurin taɓarya ba. Da dare a baje tabarma a ƙofar gida, jiki duk ya yi tsami, amma hira sai ta kai tsakar dare, ana lissafin wa ya samu dami nawa, wa zai aurar da 'ya bana, yaushe 'yan dambe za su fara zagayowa.

To, wannan shi ne gefen da muke tunawa muna murmushi a rumfa. Akwai ɗaya gefen kuma, wanda ba a cika faɗa mana a waya ba saboda kunya.

Ranar da dami na farko ya shigo gida, ranar ce masu bin bashi suke tunawa da hanyar gidan. Mai taki da ya bayar a watan Yuni yana jira. Mai kanti da aka riƙa karɓar masara a wurinsa lokacin da rumbu ya ƙare a tsakiyar damina yana jira. Akwai kuma bashin nan da a wajenmu ake ce wa falle, wato a karɓi kuɗi tun amfani yana gona, a kan za a biya da hatsi in an girbe, kuma kowa ya san wanda ya ba da kuɗin ne yake yanka farashi. Ga 'yan ƙwadago da ba sa jiran gobe. Ga makaranta: a Najeriya ana komawa a Satumba, a Nijar a Oktoba, wato daidai kan girbi, da kuɗin littafi da na riga da na takalmi. Ga zazzaɓin cizon sauro da ya fi kwantar da yara a ƙarshen damina, allura da ƙarin ruwa kuma ba a biyansu da alkawari. Duk waɗannan suna faɗo wa mutum ɗaya a wata ɗaya, kuma mutumin nan babu ko sisi a aljihunsa. Abin da yake da shi hatsi ne. Sai ya sussuka ya kai kasuwa.

Mu 'yan kasuwa ai ba sai an yi mana bayanin abin da ke faruwa ba in kowa ya kawo kaya iri ɗaya rana ɗaya. Farashi ya faɗi warwas. Manyan dillalai daga Dawanau ta Kano, da na Maraɗi, da na kasuwannin iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa da Illela, sun san wannan lokaci sarai, yaransu na zaune a bakin kasuwannin ƙauye da kwano da buhu tun safe. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce, mu ma da irinta muke ci. Amma a duba lissafin daga ɓangaren gidanmu. Ƙaninka ya sayar da gero a lokacin da ya fi kowane lokaci araha a shekara. In Yuni da Yuli suka zo, rumbu ya yi ƙasa, ga aikin noma ya taso, sai ya koma kasuwa ya sayi geron nan, wataƙila ma nasa ne da ya sayar, a lokacin da ya fi tsada. In babu kuɗin saye ya ci sabon bashi, wanda za a biya da kaka mai zuwa. Haka ake ta zagaye, shekara ta bi shekara, gona na bayarwa amma gida bai ƙaru da komai ba.

Mu kuma yaushe muke aikawa? Da azumi, a sayi sukari da gero na kunu. Da Sallah, a ɗinka wa yara kaya, a sayi rago. Sai kuma in an bugo waya a tsakiyar damina an ce abinci ya ƙare, mu aika a guje a sayi buhu da tsadarsa. Wallahi kuɗin da muke aikawa a sayi buhu ɗaya a watan Yuli, da a watan Oktoba ya isa gida, da ya hana a fitar da abin da ya fi buhu ɗaya daga rumbu. Ban ce a daina kuɗin Sallah ba, kada Hajiyoyin gida su sa ni a gaba. Cewa na yi, in kuɗin da za ka iya aikawa a shekara ƙayyadadde ne, kamar yadda na yawancinmu yake, to ka ware kaso mai kauri ka tura shi yanzu.

Na san gardamar da za a yi mini, don an sha yi mini ita a rumfa. Wani ya ce, “Alhaji, in na aika yanzu, kuɗin zai tafi a auren kaka, hatsin ma a sayar.” Gaskiya ne yana faruwa. Kaka lokacin aure ce, kuma mutumin da ya sha wuyar damina in ya ga kuɗi a hannu zuciyarsa takan yi masa waswasin ƙaro ta biyu ko sayen babur. Maganin wannan ba shi ne ka riƙe kuɗinka ba. Ka sa kuɗin ya zama yana da suna. Kafin ka aika, ka kira wanda ke riƙe da gandu ku yi magana ta manya. Ni haka nake yi da ƙanina duk shekara in gero ya fara nuna. Farko yakan ce, “Yaya, ai lafiya lau, babu komai.” Sai na ce, “Ban tambaye ka lafiya ba, na san kuna lafiya. Mai taki nawa yake bin ka? Na kanti fa?” Sai ya yi shiru, sannan ya fara lissafowa ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu ba sa faɗin bashi sai an matsa, musamman ga ɗan'uwan da suke ganin shi ma yana fama a ƙasar wasu.

In an gama lissafi, hanya biyu ce. Ko ka biya bashin a matsayin taimako, da sharaɗin kada a fitar da hatsi. Ko kuma, wadda ni na fi so, ka sayi hatsin daga hannunsa a farashin kasuwar ranar, ya biya bashinsa da kuɗin, hatsin ya zauna a gida da sunanka. Shi bai ji an yi masa sadaka ba, ciniki aka yi. Kai kuma kana da ikon cewa kada a buɗe sai ruwa ya sauka. A yi maganar a gaban kawu ko limamin unguwa, a ƙirga buhuna ko damma a gabansu. Makulli kuwa, in Allah ya bar maka mahaifiya, ka damƙa mata. Babu bankin da ya kai Inna tsare kaya. Duk wanda ya je da labari mai daɗi zai dawo da labarinsa.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Nijar akwai tsarin da ake kira warantaji, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma kan haɗa ƙungiya su zuba amfaninsu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba su rance. Su karɓi kuɗi su yi hidimarsu ko wata 'yar sana'ar rani, bayan watanni in farashi ya ɗaga su biya rancen a buɗe sito. Abin da ke damun mutane da yawa a ciki shi ne kuɗin ruwa. To gidan da yake da ɗa a fatauci ya samu asusun da babu ruwa a cikinsa, in dai ɗan ya gane matsayinsa.

Wani malamin zango ya taɓa tare ni ya ce, wannan ba ɓoye abinci ba ne da addini ya hana? Na ce Allah gafarta Malam, ku ne masana, amma a fahimtata wanda aka yi wa kashedi shi ne mai kwashe abincin gari ya kulle, mutane na yunwa yana jiran tsada. Magidancin da ya ajiye abin da ya noma don iyalinsa su ci da damina, ai shi ne ma dalilin gina rumbu tun kakanni. Sai dai zakka ta fara fita kafin a kulle komai. Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, wato sa'i 300, ɗaya bisa goma ake fitarwa, shi ne mutanenmu ke cewa dami ɗaya cikin goma, na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa kuma rabin haka. Kada kuɗinka ya sa a manta da wannan, kuma kada a hana mata da yara masu kala bin gona bayan an kwashe.

Kuma kada wani ya ɗauki maganata a matsayin hanyar cin riba. Ba kowace shekara farashi ke tashi yadda ake zato ba. Akwai shekarun da gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ko ta rufe ta fita, waɗanda suka tara don riba suka tafka asara. A Oktoban 2024 ma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi daga ƙasar in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, wanda ya saya da niyyar tsallakar da shi iyaka ya ga ta kansa. Hatsin da nake magana a kai na ci ne. Ko farashi ya tashi ko ya faɗi, tuwo tuwo ne.

Saura maganar ajiya, don babu amfanin ka hana dillali ka bai wa ƙwaro. Gero da dawa in an bar su a dami cikin rumbu mai kyau, an ɗaga shi daga ƙasa, an gyara jinka, suna shekara lafiya, illa a riƙa duba gara da ɓera. Wake ne ɗan rigima. Mu da muke sayar da shi a nan mun sani, wata biyu ya isa buhu ya koma gari da rami. Saboda tsoron haka ne mutane ke zuba masa fiya-fiya da sauran magungunan feshi, abin da yake guba ne tsagwaronsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Su sun ƙi ci, mu kuma 'ya'yanmu ake dafa wa. Alhali ga buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhu saƙaƙƙe a waje. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da masu binciken noma na Marwa a Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu daga 2007. Babu magani ko kaɗan a cikinsa, iska kawai yake hana wa ƙwarin har su mutu. Sharaɗinsa wake ya bushe ƙayau, a tsince datti, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. In leda ba ta huje ba, baɗi ma za ta yi aiki. Jarka ko ganga mai murfin da ke toshewa sosai ita ma tana yin wannan aikin in an cika ta taf. In za ka aika kuɗin kaka, ka sa kuɗin buhunan nan a ciki, ka kuma faɗa da bakinka cewa ba ka yarda a sa wa waken gida magani ba.

Gyaɗa da masara kuma a shanya su a kan tabarma ko tamfol, kada a zube su a ƙasa mai laima. Funfunar da ke kama su tana haifar da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce ai za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Akwai waɗanda ba na so a manta da su a wannan lissafi, wato matan da muka bari a gida. Da yawa cikinmu iyali ɗaya na nan tare da mu, ɗaya na can cikin gandu. Ita ta can tana sussuka da kowa, tana dafa abincin gayya da kowa, ga 'yar gayaunarta ta gyaɗa ko riɗi da take lallaɓawa da yamma. In kuɗi ya bi ta hannun maza kawai, sau da yawa ita ce ta ƙarshe da za ta ji labarinsa, kuma ita ce ta farko da za ta sayar da 'yar gyaɗarta da araha in yaro ya kwanta. Yanzu da ake tura kuɗi ta waya babu wani uzuri. Ka tura mata nata daban, ka gaya mata na magani ne da na makaranta, gyaɗarta ta ajiye har ta yi daraja, ko ta matse mai da kanta ta sayar a hankali.

Na san kuma akwai 'yan'uwa daga sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da wasu yankunan Maraɗi, waɗanda wannan hira tawa za ta yi musu ciwo, don a garuruwansu sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona a girbe, wasu ma gonar ta gagara gaba ɗaya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Su shawarar tara hatsi a rumbun ƙauye ba ta dace da su ba, gara a kai shi gidan ɗan'uwa a cikin gari, a riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan.

Wanda kuma Allah ya hore wa hali da lafiyar hanya, ya daure ya je da kansa, ko na mako ɗaya ne. Zumunta a ƙafa take. Zuwan Sallah kowa ya sha wanka ya sa sabuwar riga, ba za ka gane halin da gida yake ciki ba. Zuwan kaka ne za ka ga rumbun da ya tsage, ka ga wanda ke aiki da wanda ke fakewa a inuwa, ka ga da idonka ko dami 60 da aka faɗa maka a waya 60 ɗin ne. Ka riƙe wuƙa ka shiga layi da abokanka na dā, ko da bayan rabin awa za ka koma gindin gawo kana haki suna yi maka dariya suna cewa kuɗin Gana sun kashe maka jiki. In da hali ka tafi da yaro ɗaya cikin waɗanda aka haifa a nan, ya ga inda tuwo yake fitowa.

In ka je, ko in ka kira, ka tambayi harawa. Yanzu ganyen wake da na gyaɗa suna zube a gona kamar ba su da mai so, kuma da zarar an saki gonaki dabbobi sun shiga, shi ke nan. A sa yara su ɗaure ta tun da sauran korenta, a ɗora a kan rumfa ko a rassan bishiya inda akuya ba ta kaiwa. Zuwa bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, ita za ta riƙe shanun huɗa har ruwa ya sauka, abin da ya ragu kuma masu kiwon raguna za su biyo shi har ƙofar gida da kuɗinsu a hannu.